Makin da Ya Ɓace a Kwamfutar Auta

Ranar da makarantar ta zo buga sakamakon ƙarshen shekara aka gane an yi ɓarna. Takardar yaro za ta fito da sunansa da hotonsa, ga makin wannan darasi ga na wancan, sai a iso wani gurbi a tarar da shi fari fat. Wani lissafinsa ne babu, wani kimiyya, wani ajin ma har makin motsa jiki ya yi ƙafa. Iyayen 'yan ajin ƙarshe su abin ya fi ƙona wa rai, don sai an tura makin shekarun baya kafin a yi wa yaro rajistar babbar jarrabawa. Kafin a tashi makaranta iyaye sun cika bakin ƙofa, kuma kafin su watse har an samu ɓarawo. Wai Auta ce, ƙanwar matata, mai riƙe da ofishin rajista.

Ni ban san abin da ake ciki ba sai da na dawo gida cin abincin rana, na tarar babu abinci, sai Auta a falo ta haɗa kai da gwiwa.

"Ka ganta nan," in ji matata. "An dakatar da ita. A gaban iyaye mai makarantar ya tsaya ya ce cin hanci ta karɓa ta goge maki. Ya ce in ba ta faɗi gaskiya ba kafin ƙarshen mako, 'yan sanda za su tambaye ta."

"To ni alƙali ne?"

"Kai ne dai kake cika mana baki wai Bin-Sawu ake ce maka. To yau ga sawu nan, sai ka bi."

Aikina kula da rumbun bayanai ne, irin wanda asibitoci da kamfanoni suke zuba bayanansu a kwamfuta. Abokan aiki ne suka laƙaba mini Bin-Sawu, saboda in abu ya ɓace ba na ɓata bakina da mutane. Mutum in bai yi maka ƙarya ba, to ya manta. Rumbun nake tambaya, shi kuwa in ka iya tambayarsa ba ya ɓoye komai.

Na dubi Auta. Yarinyar da duk ta gan ni sai ta tsokane ni da sanƙona, ranar ko ɗaga kai ba ta yi ba. Wannan shi ya tayar mini da hankali fiye da surutun yayarta.

"Kin goge?"

"Yaya, wallahi ban goge ba."

"Shi ke nan. A ba ni ko shayi ne, da yunwa ba a bin sawu."

*

Washegari na je. Mai makarantar mutum ne mai ƙiba da waya biyu, kuma da duka biyun yake magana lokaci guda. Ya yarda in duba ne kawai don ba shi da wata mafita.

"Ni maki nake so ka dawo min da shi," ya ce. "Ɓarawo kuwa na riga na kama, sai dai ka yi haƙuri da yake 'yar gidanku ce."

"Da wace shaida, ranka ya daɗe?"

Ya lissafa mini da yatsu. Malamin kwamfuta, wanda suke kira Injiniya, ya duba ya ga daga kwamfutar ofishin rajista aka yi gogewar. Sannan an ga wani uba, mai sayar da tayoyi, yana miƙa wa Auta baƙar leda a bakin ƙofa. Ɗan mai tayoyin nan kuwa ya faɗi lissafi warwas, kuma makinsa yana cikin waɗanda suka ɓace.

"Mutum nawa ne suke da kalmar sirri ta shiga rumbun?" na tambaya.

"Ai kalmar ɗaya ce, kowa da ita yake shiga. Ya fi sauƙi."

"Mece ce?"

"Lambar motata."

Na leƙa taga. Ga motar can a gindin bishiya, lambar manne gaba da baya, kullum tana yawo a gari. Na ce a raina, yau na shiga uku. Wannan ai kamar mutum ya kulle shago ne ya rataye makullin a jikin ƙofar, sannan ya zo yana rantsuwa ya san wanda ya shiga.

"Ranka ya daɗe, da wannan tsarin ko mai gadinka zai iya goge makarantar nan kaf."

"Mai gadina mutumin kirki ne," ya ce, ya ɗauki waya.

*

Hedimasta dattijo ne siriri, gilashinsa rataye da zare a wuya. Ya tashi ya ba ni kujera da hannunsa. A kan teburinsa akwai wata kwamfuta an lulluɓe ta da zani, an ɗora mata tulin littattafan yara.

"Ta mutu tun farkon shekara," ya ce da ya ga ina kallonta. "Ban damu a gyara ba. Ni da kwamfuta sai dai gaisuwa, ɗana."

"Baba, kai ka sa hannu a takardar dakatar da Auta?"

"Ni na sa, kuma ban ji daɗi ba. Yarinyar kirki ce, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Amma an ce na'ura ta nuna ofishinta. Me zan ce wa na'ura?"

"Wa yake shiga ofishin in ba ta nan?"

"Kowa. Can firinta take, can kuma fanka mai aiki take. In an fita tara takan leƙa ɗanta a ajin reno, ƙofar a buɗe take barinta."

Na gode masa na fito. Ko tambaya ɗaya ban ƙara masa ba, don mutumin bai yi kama da wanda ya san inda ake kunna abin ba.

*

Shagon mai tayoyi yana bakin titi, warin roba ya cika shi. Na same shi zaune a kan wata tayar babbar mota yana faɗa da wani direba. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya kori direban ya juyo kaina.

"Leda? Takalmin ɗanta ne a ciki! Ƙaramin ɗana ajinsu ɗaya, ya sako takalmin yaron ya taho da shi gida. Na mayar, shi ne na zama mai ba da cin hanci? Oh ni! Daga yau ko jariri na tsinta a hanya ba zan mayar ba."

"An ce babban ɗanka ya faɗi lissafi."

"Ya faɗi mana, ai a gida ma faɗuwa yake yi. Malam, ka dube ni da kyau, ɗan kasuwa ne ni. In zan ba da cin hanci, cewa zan yi a ƙara masa maki. Wane wawa ne zai biya a goge? Da yana da faɗuwa, yanzu ko faɗuwar ba shi da ita, an ce ba za a yi masa rajista ba. Ka ga riba a nan?"

Ban ga riba ba. Na fito da baƙin mai a bayan rigata, don garin sauraronsa na jingina da inda bai kamata ba.

*

Babbar kwamfutar da rumbun yake ciki tana ƙarƙashin tebur a ɗakin Injiniya. An ɗora mata butar shayi, an soka mata cajar waya ta ko'ina. Injiniya kansa matashi ne mai son kalmomi manya, amma da na ce ya nuna mini kwafin ajiya sai kalmomin suka ƙare.

Kwafin ajiya shi ne hoton rumbun gaba ɗaya da ake ɗauka a adana, don in abu ya lalace a samu wurin komawa. Ɗan kwangilar da ya gina musu tsarin ya saita na'urar tana ɗauka da kanta. Na buɗe inda ya kamata su taru, sai na tarar da bidiyon wasannin ƙwallo, jere reras.

"Ina kwafin?"

"Oga, wuri ne ya cika."

"Sai ka goge kwafin ajiya ka zuba ƙwallo?"

"Ban san suna da amfani ba, ba wanda yake buɗe su."

Gumi ya karyo masa. Na ce a raina, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ga ɓarawona nan. Na yi ta juya shi da tambaya har ya kusa kuka, amma iyakar laifinsa ke nan, sakarci da ƙwallo. Allah ya taimake mu, kwafi ɗaya ya tsira, na farkon zango na biyu, shi ma don ya ɓuya ne a tsakanin wasanni.

"To oga mu ɗora shi a kan na yanzu, magana ta ƙare!" ya ce, har ya kai hannu.

Na buge hannun. "Ka ɗora shi a kai, duk abin da aka shigar daga ranar zuwa yau ya tafi. Garin neman gira za ka rasa ido. Ba a taɓa zuba tsohon kwafi a kan rumbu mai rai. A gefe ake buɗe shi, da wani suna daban, sannan a kwatanta."

Haka na yi. A cikin rumbu komai a tebur yake, teburin ɗalibai daban, na malamai daban, na maki daban, kowane layi da lambarsa. Na rubuta tambaya na haɗa teburin maki na tsohon kwafi da na yau, na ce a nuna mini duk layin da yake can amma babu shi a nan. LEFT JOIN muke ce wa irin wannan haɗin. Layuka suka zubo kamar ba za su tsaya ba.

Daga nan sai na fara tara su kashi-kashi, in ga abin da ya haɗa su. Na tara su bisa ɗalibi, ban ga komai ba, akwai daƙiƙai akwai haziƙai, har da 'yar mai makarantar da ta zo ta ɗaya. Na tara su bisa aji, a warwatse. Bisa darasi, a warwatse. Na tsaya na sha ruwa, na zagi ɗan kwangilar da ban taɓa gani ba, sannan na tara su bisa malamin da ya shigar da makin.

Layi ɗaya tak ya fito. Duk makin da ya ɓace malami ɗaya ne ya shigar da shi.

Na nemi lambar malamin a teburin malamai na yau, babu ita. Na neme ta a tsohon kwafi, ga ta nan da suna da hoto, wani mutum mai faffaɗan goshi yana murmushi.

"Allah ya jiƙansa," in ji Injiniya a hankali. "Malamin lissafi ne. Bayan zangon farko ya rasu. Shi ne duk malamin da bai zo ba yake riƙe masa aji, har motsa jiki ya koyar."

Na duba yadda aka ɗaure teburin maki da na malamai, sai ga abin da nake tsoro. Ɗan kwangilar ya sa CASCADE, wato in aka cire malami, duk abin da yake rataye da shi ya bi shi, ba tambaya ba sallama. Ashe ba wanda ya goge maki. Mutum ɗaya aka cire, makin ya bi shi da kansa.

*

Na kai wa mai makaranta wannan labari ina jin kaina, sai ya sauke waya ɗaya daga kunne ya ce, "To ai shi ke nan. Ita ta cire malamin don makin ɗan mai tayoyi ya bi shi. Ka ga wayonta ya ma fi yadda na zata."

Wallahi saura kaɗan in ɗauki jakata in tafi. Mutum ya riga ya yanke hukunci, duk abin da ka kawo masa sai ya mayar da shi itacen hura wutarsa. Matata na tuna, da falon da zan koma, na haɗiye maganar da ta zo mini baki na koma ɗakin Injiniya.

Rumbu yana rubuta duk umarnin da aka ba shi, da lokacin, da kwamfutar da ya fito. Log muke ce masa, kuma nan ne ainihin ƙasar da ake ganin sawu. Tunda kowa da lambar mota yake shiga, suna ba zai taimake ni ba. Amma kowa da irin tafiyarsa. Na bi ta Auta kwana da kwanaki: da lamba take neman mutum, ta buɗe, ta gyara, ta rufe, ta wuce na gaba, ba ta waiwaye.

Ranar da aka cire malamin, da hantsi, daidai lokacin tara, tafiyar ta sauya. Wani ya zauna a kwamfutarta ya buɗe shafin ɗalibai ya rufe, ya buɗe na jadawali ya rufe, yana ta dube-dube kamar baƙo a kasuwa. Tsakanin dannawa da dannawa sai ya daɗe. Da ƙyar ya gano shafin malamai, ya nemi marigayin da suna.

Ba nan da nan ya cire shi ba. Kafin umarnin cirewar akwai kuskure biyu da rumbun ya rubuta. Mutumin ya share lambar wayar marigayin, ya danna a adana, rumbun ya ƙi, don an saita gurbin waya ba ya zama fanko. Ya sake sharewa, ya sake dannawa, rumbun ya sake ƙi. Sannan ya cire mutumin gaba ɗaya.

Na jingina da kujera. Wanda yake farautar maki me ya haɗa shi da lambar wayar mamaci? Wannan mutumin ko kusa da teburin maki bai je ba.

"Injiniya, tsarin nan yana tura saƙon waya?"

"Yana turawa, oga. Duk Litinin yana tuna wa malaman da ba su shigar da maki ba."

Na buɗe teburin saƙonni na nemi lambar. Ga su nan, Litinin bayan Litinin, tun bayan rasuwar mutumin: Malam, har yanzu ba ka shigar da makin ɗalibanka ba, a gaggauta. Tambayar da take zaɓo waɗanda za a tura wa ba ta san mutuwa ba, don a teburin malamai babu gurbin da zai ce wannan yana aiki, wannan ya tafi. Duk wanda bai shigar da maki ba, a wurinta malalaci ne.

Na ɗauki wayata na kira lambar. Mace ce ta ɗauka.

Na yi mata ta'aziyya, na faɗa mata daga makaranta ne, ina tambaya a kan saƙonnin.

"Wayarsa tana hannuna," ta ce. "Duk Litinin sai ta yi ƙara. Na yi ta haƙuri. Ran nan ƙaramin ɗanmu ya riga ni ɗauka, ya karanta, ya zo ya ce mini, Mama, ana neman Baba a makaranta, ki ce musu ba shi da lafiya kada su kore shi. A ranar na sa mayafi na je na sami amininsa na yi masa kuka. Ya ce in bar masa. Tun daga ranar kuwa saƙonnin ba su ƙara zuwa ba, Allah ya saka masa da alheri."

"Wane ne aminin nasa, baiwar Allah?"

Ta faɗa mini. Na gode mata, na ajiye wayar.

*

Na ce a tara mini su a ofishin rajista dab da tashi, lokacin da iyaye suke fara taruwa a bakin ƙofa. Mai makaranta ya zo da wayoyinsa, Hedimasta ya zo da gilashinsa, Injiniya ya raɓe a bango. Mai tayoyi ba a gayyace shi ba amma ya zo, ya ce sunansa aka ɓata, sai ya ji da kunnensa. Auta ta tsaya kusa da ƙofa kamar baƙuwa.

Kafin su zo na gama aikina. Na ƙara gurbi a teburin malamai mai nuna wanda yake aiki da wanda ba ya yi, na gyara tambayar Litinin ta riƙa duba shi. Na kwance CASCADE ɗin nan na sa ɗaurin da zai hana a cire malami muddin yana da maki. Sannan na mayar da marigayin da makinsa duka daga tsohon kwafi, amma a cikin aiki buɗaɗɗe, ban rufe ba. A sana'armu in ka buɗe aiki haka, kai kaɗai kake ganin abin da ka yi, sai ka ba da umarnin COMMIT yake tabbata ga kowa. Na rubuta kalmar na bar ta a kan allo, ban danna ba.

Na yi musu bayani dalla-dalla, tun daga ledar takalmi. Mai tayoyi ya ce, "Yawwa!" Na zo kan ƙwallo, Injiniya ya sunkuyar da kai. Na faɗa musu ba wanda ya taɓa maki, suna ɗaya aka cire, makin ya bi shi. Da na faɗi sunan marigayin na ga Hedimasta ya ɗago.

"Wanda ya zauna a nan ranar," na ce, "lambar waya ya zo sharewa, don a daina aika wa matar mamaci saƙo ana cewa mijinta ya gaggauta. Ya gwada sau biyu na'ura ta ƙi. Sai ya cire sunan."

Hedimasta ya ɗauki gilashinsa ya sa, ya cire, ya sake sawa.

"Ɗana," ya ce, "kana nufin cire sunan nan shi ya tafi da makin yara?"

"Shi ne, Baba."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ne. Ni na cire shi." Ya dafa tebur. "Na'urar ta tambaye ni, ka tabbata? Na ce na tabbata. Ba ta ce mini akwai maki a jikinsa ba. Da aka zo ana cewa maki ya ɓace, ko a mafarki ban haɗa su ba. Ni ban taɓa maki ba."

"Baba, me ya hana ka sa Auta ta yi maka?" na tambaya, don abin yana cina. "Aikinta ne fa."

"Tare muka fara koyarwa da shi, tun ba mu yi aure ba. Da wane baki zan ce wa yarinya ta share mini shi? Na ga gara in yi da hannuna, ba wanda ya gani." Ya juya wajen Auta. "Kuma da hannun nan na sa miki hannu a takarda."

Auta ta kawar da kai.

Mai makaranta ya yi gyaran murya, ya kife wayoyinsa a tebur. Karon farko ke nan da na ga kunnensa duka biyu a sake.

"To, alhamdu lillahi, an gane kuskure ne. Baba malamina ne, shi ya koya mini karatu, ba zan bari a ji wannan a waje ba. A bar kaza cikin gashinta. Za mu ce wa iyaye matsalar kwamfuta ce. Ke kuma gobe ki dawo bakin aikinki, komai ya wuce. Malam, danna mana abin nan."

"Ranka ya daɗe," in ji Auta, kuma wannan ce maganarta ta farko, "a gaban iyaye aka ce na ci hanci. Jiya a layinmu wata ta hana ɗanta wasa da ɗana. In aka ce kwamfuta ce, cewa za su yi mijin yayata ya zo an rufa mini asiri."

"Ke kuma kada ki ja magana ta yi tsawo. Malam, danna."

Na naɗe hannuwana. "Yatsana ya yi sanyi, ranka ya daɗe."

"Barazana kake yi mini a makarantata?"

"Wane ni. Na dai yi wuni biyu ina bin sawu, na sha warin taya, na ɓata riga, na kalli sunayen wasan ƙwallo har idona ya yi ja. Ba don a wanke kwamfuta na yi ba, ita ba ta da layi ba ta da maƙwabta."

Mai tayoyi ya ce, "Gaya masa dai!" Mai makaranta ya buɗe baki zai yi kansa, sai muka ji ƙarar kujera. Hedimasta ne ya miƙe.

"Ba sai an ja ba," ya ce wa mai makarantar. "Ni na koya maka karatu, amma ban koya maka wannan ba. Zo mu je, 'yata."

"Baba, don Allah, mutuncinka fa!"

Bai ko waiwaya ba. Ya fita, Auta tana bayansa, mai tayoyi yana bayansu don kada a yi babu shi.

Ta taga na hango su. Ban ji abin da ake faɗa ba, ƙarar babura ta hana. Na dai ga dattijon ya tsaya a tsakiyar ƙofa ya ɗaga hannu har hayaniya ta lafa, ya yi magana mai tsawo, ya nuna ƙirjinsa, ya sake nunawa, sannan ya nuna Auta ya girgiza kai. Na ga kawuna suna juyowa wajenta. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ja 'ya'yansu suka tafi ba su ce komai ba, don mutane sun fi saurin zargi a kan ba da haƙuri. Wata mata ta matso ta kama hannunta tana magana, Auta ta bar mata hannun amma ba ta dube ta ba.

Mai makaranta yana tsaye a bayana yana huci. Wayarsa ta yi ƙara, bai ɗauka ba.

Da suka dawo idon Hedimasta ya yi ja, na Auta kuwa a bushe yake. Ta zagayo tebur ta tsaya a kaina ta dubi allon.

"Yaya, wannan ne abin da ake dannawa?"

"Shi ne."

"To tashi min daga kujera."

Na tashi. Ta zauna, ta gyara zama, ta kai yatsa. Da na matso zan taya ta sai ta ture ni da gwiwar hannu ta danna da kanta.